Wadda Take Hawa Mana Tudu

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa, wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Yayar mijina ta riga mu. Ta cika da hantsi, bayan kaka, riɗin mata yana ɗaure cikin buhuna yana jiran mota. Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ina faɗa ne ana rubutawa, don na ga yadda ake manta tsofaffin mata a ƙasar nan ta Damargu: a raba zannuwansu, a ba jika ɗakin, kafin damina ta zagayo maganarsu ta wuce. Ita ba na so a yi mata haka.

A kwanakin zaman makoki na ga abin da ban taɓa gani ba a mutuwar mace. Garinmu ƙarami ne, can gefen Ollelewa, ba ya kan hanyar kowa. Amma jakuna suka cika bakin rijiya. Mata suka zo daga ƙauyukan Falanko, wasu daga rugage, wasu ma ban san fuskarsu ba. Wata Buzuwa daga wajen Belbeji ta ajiye cuku a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska, sannan ta tashi. Wata tsohuwar Bafillatana, mai nauyin kunne, ta yi gaisuwa, ta sha ruwa, sannan ta ce da ƙarfi, "To yanzu wa zai gaya mana ranar da mota za ta zo?" Aka yi ta zungurinta ta yi shiru. Ni ban ga laifinta ba. Abin da ke cikin kowa ne ta faɗa.

Maza kuwa da suka dawo daga kai ta, na ji ɗaya yana cewa, "Yau mu muka kai ta inda kullum take kai kanta." Baƙo ba zai gane wannan magana ba, bari in faɗa. A garinmu salula ba ta kamawa. Ko ka hau rumbu ba ka samun rezo, wato sabis. Wuri ɗaya ne ake samu, kan tudun rairayi da ke bayan gari, kuma maƙabarta tana gindinsa. Ba ka hawa sai ka bi ta gefen kaburbura. Mata ba sa bin nan. Ita tana bi.

Cikin duk matan da suka yi kuka, mutum ɗaya ce ba ta yi ba, ita ce matar autana. Ta zauna jikin buhunan riɗi da goyonta a baya, idonta a bushe. Mijinta yana Libiya, ya daɗe, ba saƙo ba labari. An taɓa yi ta ɗaure kaya za ta bi matan da ke tafiya Aljeriya, masu bara da aikin gidajen mutane, waɗanda wasu ke dawowa wasu hamada ke riƙewa. Marigayiya ce ta kwance kayan nan. Da na dubi fuskarta ranar, na san zuciyarta ta koma kan hanya. Shi ne abin da ke cina har yau, ya fi mini mutuwar ciwo, Allah Ya yafe mini.

Ni Yaya nake ce mata. Ita kuwa Amarya take ce mini, tun ranar da aka kawo ni gidansu har haƙorana suka zube. Yara da manya na gari Goggo suke cewa. Mijinta ya rasu tun da sauran ƙarfinta, ta dawo gidan ubanta, ta ƙi sake aure. Doguwa ce, ga murya, in ta kira akuya a gabas ta yamma ma sai ta ɗaga kai. Ba ta iya zama hannu sake ba. Ko gaisuwa ta zo yi maka, sai ka ga ta jawo faifanka tana tsince maka tsakuwa cikin wake, tana yi maka faɗan ƙazanta. Ba ta da sanyin baki. Wanda ya ce miki Yaya mai sanyin baki ce, bai zauna da ita ba.

Da can, abin da mace ke samu a gamanarta, wato ɗan filin da miji ke yanka mata gefen gandu, bai wuce wake da kuɓewa da ƴar yakuwa ba. In kaka ta yi sai masu awo su shigo da tiyarsu har tsakar gida, su faɗi abin da suka ga dama. Mu ba mu san yadda ake sayarwa a Damagaram ba, ba mu san na Tanut ba ma. Mu ce Allah Ya sa albarka, su ɗora wa jaki su tafi.

Sai wata shekara mutanen furoje, masu aikin tallafa wa ƙauyuka, suka zo, suka tara mata, suka ce mu yi ƙungiya. Suka ba ƙungiya salula guda, da ɗan faranti mai shan rana yana ba ta wuta. Suka ce da ita za mu ji farashin kasuwanni, mu nemi mai saye da kanmu. Motarsu ba ta ɓace ba maza suka shimfiɗa tabarma ƙofar maigari. Ƙanen mijina, wanda shi ne babban gidanmu tun da mijina ya rasu, ya fi kowa ɗaga murya.

"Matar aure ta fita bayan gari, ta tsaya tana magana da namijin da mijinta bai sani ba? Har a yi dariya? Ba a gidana ba."

Kowa ya ce haka ne. Har an fara cewa a mayar musu da abinsu, sai ga Yaya da sandarta, ta tsaya bakin tabarma.

"Ni fa?" in ji ta. "Mijina yana ƙasa, haƙorana sun bi shi. Duk mai kishina a nan ya ɗaga hannu in gan shi."

Maigari ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Liman ya sunkuyar da kai yana murmushi. Haka salula ta koma hannunta, ta zama bakin duk matan garin nan.

Ta sa aka ɗinka mata ƴar jakar fata irin ta laya, ta rataya a wuya. Ba ta san baƙi ba, ba ta san lamba ba. Malamar furoje ta shirya mata yadda in ta danne maɓallin farko ta riƙe, sai Alhajin Damagaram mai sayen riɗi ya ɗauka, in ta danne na kusa da shi sai direba. Sauran ta koya a hankali, har ta tara mutane a Agadas da Tanut da ba su taɓa ganin idonta ba. Ana gobe kasuwa, in rana ta ɗan ɗaga, sai ka gan ta ta nufi tudu, ta yi wa na kwance sallama ta wuce. Daga tsakar gida muna jin muryarta sama-sama, don ita a ganinta Damagaram nesa ce, sai an ɗaga murya. Ta kan ce gara haka, kowane miji ya ji abin da ake faɗa, kada wani ya kwana da zargi.

In ta sauko sai mu kewaye ta kamar kaji.

"Damagaram farin riɗi suke so, ba mai ƙasa ba, kin ji ko, Amarya? Agadas suna neman busasshiyar kuɓewa da ƙuli-ƙuli. Ke mai gyaɗa, kada ki sayar da ita haka, matse ta, man daban, tunkuza daban. Wadda ta samu ɗan abu ta sayi ƙaramin rago ta ɗaure, layya na tafe."

Da haka gamana ta sauya fuska. Mai wake kaɗai ta koma ga riɗi ga yakuwa ga rago a turke. In wannan ya ƙi, wancan ya yi. Matan Buzaye da na Fulani suka ji labari, suka riƙa kawo cuku da man shanu, ta haɗa da namu a mota guda. Ba ta taɓa cewa waɗannan ba ƴan ƙungiya ba ne. Ta ce mota ba ta tambayar yaren buhu. Kuma duk buhun da zai fita sai ta cusa hannunta har gwiwar hannu ta ɗebo na ƙasa ta duba. In ta ji rairayi, ko na wace ce, sai an zazzage an sake sheƙewa. Mata sun yi kuka a kan haka. Ta ce, "Mutumin nan bai san fuskata ba, muryata ya sani. In na ce masa fari ne ya tarar da ƙasa, da wace murya zan kira shi gobe?"

Ranar da matar autana ta ɗaure kaya, ni na yi magana na gaji. Na ce ki duba hamada, na ce ki duba waɗanda ba su dawo ba. Ta ce, "Inna, waɗanda suka zauna me suka samu?" Na je na gaya wa Yaya. Ba ta yi gaggawa ba, sai da ta gama taunar goronta. Ta shiga ɗakin, ta zauna kan ƙunshin kayan da kanta.

"Ƴata, ina zuwa?"

"Goggo, inda mata ke zuwa."

"To sai ki ɗauke ni da kayan, don ba na tashi."

Yarinya ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Yaya ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, "Ba ni damina ɗaya. Rabin gamanata naki ne, irin riɗi ina da shi. In kaka ta yi ba ki sayi akuya da hannunki ba, ni zan raka ki tasha." Kaka ta yi, ta sayi akuya. Wata kakar ta ɗinka wa ƴaƴanta kayan salla, ta sa babbar ƴarta a lakwal. Mijin ya zo sau ɗaya tsakani, ya bar mata ciki, ya koma, shiru ya sake biyowa. Amma ba ta ƙara maganar arewa ba. Ba don ta daina tunani ba. Don tana ganin Yaya na hawa tudu ne.

Akwai kuma rigimarta da ƙanenta, ƙanen mijin nan nawa, wadda ba ta mutu ba har ita ta mutu. Wata shekara gero ya yi kyau, aka ce a arewa yana tsada. Ya same ta tana gyaran kuɓewa.

"Yaya, in kin hau gobe ki tambayar mini Alhajinki yadda zai ɗauki gero."

"Salular nan ba ta gero ba ce."

"Ta mece ce?"

"Ta abin da ba ya riƙe ciki. In na buɗe maka hanyar nan yau, jibi duk rumbunan garin nan sun hau mota. In bazara ta yi tsawo, takardar kuɗi za ku dama wa yara?"

"Geron nawa ne ko naki?"

"Naka ne. Ɗora wa jakinka ka kai kasuwa yadda ubanmu ke yi. Kafin ka isa ka yi tunani. Abin nan ba ya ba mutum lokacin tunani."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ya kai geron kasuwa ya sayar da araha, ga shi lokacin yana shirin aurar da ɗa. Ya daɗe ba ya gaishe ta sai ta bakin yara. Ni har yau ban yanke wa ya fi gaskiya ba. Na ga shekarun da rumbu ya cece mu. Na kuma ga idon mutumin nan ranar da ya dawo daga kasuwa. Ita ba ta taɓa ba shi haƙuri ba. Ta dai riƙa aika masa da fura mai yawan nono, yana sha, ba ya cewa an gode.

Tari ne ya kama ta ƙarshen damina. Ta rame, muryar ta dushe, amma ana gobe kasuwa sai ta jawo sanda. Ta kan tsaya tsakiyar tudu ta dafa gwiwa, mu muna kallo daga gida. Na ce, "Yaya, ki huta mana."

"In huta wa ya hau? Ke, Amarya? Ke da ko akuya ta mutu ba kya bin hanyar?"

Gaskiya ta faɗa. Ni matsoraciya ce, kuma gwiwoyina sun daɗe da ƙarewa. Muka yi dariya, maganar ta wuce. Yanzu nake gani, gari guda na mata mun ɗora abincinmu kan ƙafafun tsohuwa ɗaya. Maza suka hana ƙanana koyo, mu manya muka ce ai Goggo na nan. Ba wanda ya zauna ya ce, ran da ba ta fa?

Bayan an yi addu'ar bakwai aka zo rabon kayanta. Ƙanen mijina ya ɗauki jakar fatar nan ya sa a aljihu. Matan ƙungiya suka dubi juna, ba mai iya magana, yawancinsu surukansa ne ko matan ƴaƴan abokansa. Liman ne ya ce, "Wannan ba gado ba ne, amana ce aka ba ta."

"Na sani, Malam," in ji shi. "Amma wa zai riƙe? Dokar da muka yi tana nan. Mu maza mu riƙe musu, in suna da saƙo su faɗa mu isar."

Mun san abin da wannan ke nufi. Gero zai hau mota, ƴan buhunan mata su jira in wuri ya ragu. Na waiwaya na ga matar autana ta miƙe ta gyara goyo za ta fita. Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba.

"Ba ni nan."

Ya dube ni ya yi dariya. "Ke, matar wana? Da waɗannan gwiwoyin? Sai dai mu ɗora ki a amalanke."

"Ran da aka kawo ni gidan nan ko wando ba ka da shi, ni na riƙa share maka hanci. Mijina yana ƙasa kamar nata. Wace dokar ce ta hau kaina? Ba ni nan."

Liman ya ce, "Ba ta." Ƙanen mijina ya ciro ya ajiye kan tabarma, bai miƙa mini a hannu ba.

Na hau. Ba zan ce ban ji tsoro ba. Na yi sallama, ban dubi sabon kabarin ba, na yi ta jan ƙafa ina zama ina tashi har na kai. Matar autana ta nuna mini maɓallin tun a gida, don ta sha gani a hannun Yaya. Na danne na riƙe. Sai ga murya kamar mutum na tsaye a gabana.

"Goggo! Kwana biyu shiru, har na ce ko kin yi fushi da ni."

Na ce, "Alhaji, ba ita ba ce. Matar ƙanenta ce. Goggo Allah Ya yi mata cikawa."

Ya yi ta salati. Ya tambayi ciwon, ya yi mata addu'a mai tsawo. Ya ce shekara da shekaru yana hulɗa da ita bai taɓa ganin ta ba, yana ta cewa zai zo. Na bar shi ya gama, sannan na ce riɗi yana nan a ɗaure, fari, ita da kanta ta duba yawancinsa kafin ta kwanta.

Sai ya ce, "Inna, kada ki ji haushina. Ita in ta ce fari ne, ko bakin buhu ba na kwancewa. Ke yau na fara jin muryarki. Ki turo kaɗan in gani. Kuma direba ba zai baro kwalta ya shiga rairayi don kaɗan ba, sai ku fito masa da shi bakin titi."

Ban ga laifinsa ba, shi ma dukiyarsa yake tsaro. Muka nemi amalanke muka fitar da kaɗan ɗin, na sa na matar autana a gaba. Sauran yana nan jibge a ɗakin marigayiya, ɓeraye sun fara gane hanya. Masu awo sun ji labari, sun dawo suna zagaya gidaje da tiyarsu, suna yi mana gaisuwar mutuwa da fara'a. Na sake hawa na kira. Alhaji ya ce kaya sun iso, yana da kyau, amma kasuwa ta ɗan kwanta, a yi haƙuri zai neme mu. Yaya da ta san abin da za ta ce masa. Da ta yi masa tsawa, ko ta danna wani maɓallin ta nemi na Agadas. Ni na ce to, Allah Ya kai mu.

Matan ƙauyen da ke gabas da mu sun sa ranar tafiya arewa, kowa ya sani. Ban tambayi matar autana ba, ita ma ba ta ce mini komai ba. Tana daka, tana ɗebo ruwa, tana gaishe ni kamar kullum. Shekaranjiya da safe ina zaune ina shafa wa gwiwata man shanu, sai ta shigo. Ta durƙusa, ta kwance goyo, ta ajiye mini yaron a cinya, da ƴar rigarsa da ƙoƙon kununsa.

"Inna, na kawo miki shi yaye."

A wurinmu kaka ake kai wa yaro yaye, ba sabon abu ba ne. Amma wannan ko tafiya bai ƙware ba.

Na ce, "Lokacinsa bai yi ba."

Ba ta ɗaga kai ba. "Ki karɓe shi dai, ya saba da ke."

Na so in tashi in je in zauna kan kayanta. Na rasa abin da zan ce mata ta ba ni damina ɗaya a kansa. Yaron ya kama wuyan rigata yana neman abin da babu. Na karɓe shi.

Ya Allah, Ka yalwata wa baiwarKa makwancinta, Ka yafe mata zafin bakinta, Ka saka mata da kowane hawa da ta yi saboda ƴaƴan mutane. Mu da ta bari, Ka dube mu. Yaron nan yana bayana yanzu, ya yi kuka ya gaji, uwarsa tana jin sa daga ɗakinta ba ta fito ba.